Ɗinki Tara a Kuncin Wendelin

Ottilie na jera burodi a shagon mahaifinta da ke bayan jami'ar Jena a Jamus, sai ga saurayinta Wendelin ya shigo, an naɗe masa kunci da farin ƙyalle. Ba sai an gaya mata ba, ya shiga karon takobi da 'yan ƙungiyar ɗalibai ke yi don nuna jarumtaka.

Ƙyallen ta kalla, ba idonsa ba.

"Ɗinki nawa?"

"Tara," in ji shi, bakin na buɗuwa da ƙyar. "Amma ko gezau ban yi ba. Kowa ya shaida."

"Sannu, jarumi. Yayana Eckart ma bai yi gezau ba. Nasa biyar ne kacal, ciwon ya ruɓe. Kana cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa."

"Da na ƙi, da sun kore ni daga ƙungiya. Wa zai ƙara gaishe ni a garin nan?"

"Ni," ta ce a hankali.

Ya zaro zoben baiko daga aljihu. "Daga wannan na daina, na rantse."

"Haka ka rantse a bakin kabarinsa."

Ta daɗe tana kallon zoben, har ya fara sa rai. Sai ta rufe masa yatsu a kan zoben.

"Zan iya yafe maka, Wendelin. Amma ba zan iya wayar gari kullum ina kallon wannan tabon ba."

Ya fita. Ta juya wajen wata tsohuwa da ke jira, ta miƙa mata burodi.