Mai Tsintar Leda

"A mayar musu da kayan sa ranarsu," in ji mahaifiyarta. "Ba zan ba mahaukaci 'yata ba."

Saurayin nata malamin makaranta ne, ɗan gayu mai son guga da turare. Amma mako uku ke nan ana ganinsa cikin kwatocin Bukan Sidi, ya naɗe ƙafar wando, yana tsintar ledojin fiya wata yana cusawa a buhu. Ta tambaye shi, ya yi murmushi kawai. Ta yi kuka, ta yi istihara, kanta ya ƙara kullewa.

Da la'asar ta bi shi a ɓoye har filin da yake gina musu ɗaki biyu, filin da masu gawayi suka aske ƙwal.

A bayan ginin ta tsaya cak. Ledojin ne jere reras, an cika kowacce da ƙasa, kowacce ɗauke da ɗan tsiron kashu ko lemo.

"Ranar da na kawo ki nan kika ce rana za ta kashe ki," ya ce yana kakkaɓe hannu. "Ga inuwarki, gimbiya. Ki yi mata haƙuri ta girma."

Ta koma gida tana laluben abin da za ta ce wa Mama, sai ga leda yashe a ƙofar gida. Ta sunkuya ta ɗauka.

Maƙwabciyarsu ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Hajiya, fito! Ita ma abin ya kama ta!"