Ɗakin da Ya Ɓace wa Mai Shi

Na ji kana shirin gyara wa tsohonka ɗaki ba da saninsa ba. Alheri ne, Allah ya ba da lada. Amma kafin ka kira mai fenti, tsaya ka ji wannan misali.

An yi wata mata mai sayar da atamfa a birni, tana da uwa a ƙauye wadda idonta ya daɗe da tafiya. Tsohuwar nan ba ta taɓa yarda an yi mata jagora ba. In ta sauko daga gadon ƙarfenta, tafin ƙafarta ya san kwarin da daɓe ya yi a tsakiya, daga nan hannu ya kai ga randa, daga randa sai buta, daga buta sai bakin ƙofa. Bangon har ya yi baƙi daidai kafaɗarta saboda yawan shafa. Ita ke share ɗakinta, ita ke ninke kayanta, har goro take miƙa wa baƙo ba tare da lalube ba. Abin da ya rage mata a duniya ke nan, cewa ba ta jiran kowa, kuma da shi take taƙama.

Ita kuwa 'yar, duk zuwan da ta yi sai ranta ya ɓaci. Tana son uwarta, wannan ba a musu. Amma akwai jin kunya a ciki, don ta ji ana cewa 'ya na birni tana juya dukiya, uwa na kwana a akurki. Ta yi ta bin hotunan ɗakuna a waya har ta ga wanda ya kwanta mata a rai. Sai ta lallaɓa tsohuwa ta tura ta sunan jika a wani gari, ta sauke ma'aikata. Aka fasa daɓe, aka shimfiɗa tayil mai sulɓi. Aka shafe bango sumul, aka buga masa fenti ruwan madara. Gadon ƙarfe ya fita, na katako ya shigo, aka juya shi wajen taga don ya fi kyau ga mai shigowa. Randa aka ce tana jiƙa ƙasa, aka kore ta tsakar gida. Aka saki labule ta kowane gefe, aka jera kujeru. Har madubi aka kafa, a ɗakin makauniya! Maƙwabta suka yi ta shigowa suna sa albarka, ita kuma tana jin kamar ta sauke kaya daga kanta.

Da tsohuwa ta dawo, ta sa ƙafa ta ji sanyin tayil, ta janye da sauri. Ta miƙa hannu inda randa take, ta kama iska. 'Yar tana gefe tana ta bayani, ga wannan, ga wancan, launinsa kaza. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Kin sha aiki, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka." Ba ta ƙara ko kalma ba, don uwa ba ta kushe kyautar ɗa. Ta buga gwiwa a kujera, ta daure. Ta zame da ruwan alwala, ta tashi kafin a gani. Ta rage shan ruwa don kada ta yi ta neman ƙofa. 'Yar ta ga uwarta ta yi sanyi, ta ɗauka gajiyar biki ce.

Ranar da za ta koma birni, ta shigo sallama bayan azahar, ta tarar da tsohuwa tana salla ta ba gabas baya. Ashe da kan gado take gane alƙibla, gado kuwa an juya shi. Ta jira ta sallame, ta ce a hankali, "Inna, ai gabas na bayanki."

Tsohuwa ta ce, "Tun ranar da na dawo, nan nake kallo." Hawaye ya gangaro mata. Sannan ta ɗaga hannu, ta faɗi maganar da ba a taɓa ji a bakinta ba: "Zo ki kama ni, ki juya ni."

'Yar ta kama hannun, a nan ta gane ɓarnar da ta yi. Ta so ta mai da komai yadda yake, amma ina! Daɓen da aka fasa ba ya dawowa da kwarinsa, gadon ƙarfe kuwa tuni 'yan gwangwan suka yi gaba da shi. Liman ya aiko cewa babu laifi a kan wanda bai sani ba, amma hakan bai mayar wa tsohuwa da ƙarfin zuciyarta ba. Ta tsufa da koyon sabon wuri, kuma tsoro ya riga ya shige ta. Aka ɗauko wata mata ta riƙa kula da ita. Tun daga ranar, a bakin gado take wuni, hannuwa a cinya, tana jiran a zo a kai ta bayan gida, a zo a tsayar da ita salla. Baƙi kuwa in sun shigo sai su ce kai, ɗaki ya yi kyau. 'Yar ta daina son jin wannan yabon, don duk wanda ya faɗa kamar ya soka mata allura ne.

Ba ƙiyayya ce ta jawo ba, so ne wanda bai tsaya ya yi tambaya ba. Ta duba ɗakin da nata ido, ta gyara abin da ke damunta, ta rushe abin da ke riƙe da uwarta. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.