Cikon Gara

Duk unguwar Manawashi babu mijin da ke son matarsa kamar Abdulkahar. Shi da kansa ya faɗa, a zauren surukansa da ke Dawaki, ranar da ya zo bikon Batul.

Ta fito ta zauna a bakin tabarma, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ya tura mata ledar atamfa. Ta kalli ledar, ba ta taɓa ba.

"Batul, komai ya wuce," in ji shi. "Baba ya ce zai cika garar, shinkafa da man gyaɗan da ba a kai ba duk za a kai. Kin san ba halina ba ne. Yayyena ne suka dame ni da gori, wai an kawo mini gara kamar ta marainiya."

"Shi ya sa ka dake ni."

"Raina ne ya ɓaci."

Sai a lokacin ta ɗago ido. "To Yallaɓai, idan shinkafar ta ƙare fa? Baba zai sake aikowa, ko jikina ne zai cika?"

Ya waiga ƙofa kada wani ya ji. Sannan ya matso, ya raɗa mata kalaman da ya kwana yana shiryawa. Masu daɗi ne ƙwarai.

"Ba zan koma ba," ta ce, ta miƙe.

Ko ɗaya ba ta ji ba. A kunnen hagu ya raɗa, wanda likita ya ce mari ya fasa dodonsa.