Gubar Tafkin Gawo

Alhaji Barau ya naɗe ƙafar wando ya shiga Tafkin Gawo da kwalba a hannu. Kamar kullum, sai da ya wanke fuska ya share gumi, sannan ya cika kwalbar a gurin. Tun da gwamnati ta naɗa shi shugaban kwamitin tsabtace ruwa, bai taɓa yarda wani ya ɗebi ruwan gwaji ba sai shi.

Tafkin a kan iyaka yake. Shanun Birnin Kudu suna sha ta wannan gaɓa, na Gwaram ta waccan. Gwajin farko ya nuna akwai sinadarin rini mai guba, irin na masana'anta. Ga shi kuwa duk yankin ba masana'anta. Nan take kowane ɓangare ya ce aikin ɗayan ne, har surukai suka daina gaisawa a kasuwa.

Alhaji ya hana wanki a tafkin. Aka sake gwaji, guba na nan. Ya hana wanke babura, guba na nan. Ya sa aka ɗaure wata agwagwa saboda baƙin wuyanta bai kwanta masa ba. Kifaye dai sai ƙiba suke yi, kuma ko saniya ɗaya ba ta yi tari ba.

Daga ƙarshe zargi ya faɗa kan Malam Hambali, marini ɗaya tilo da ya rage a yankin.

"Alhaji, baba da toka nake rini da su, tun kakana," in ji Hambali. "Marinar ma tana can bayan dutse. Idan ka rufe ta, me iyalina za su ci?"

"Malam, kimiyya ba ta ƙarya," Alhaji ya amsa, yana shafa baƙin gemun nan nasa da duk sa'anninsa ke sha'awa.

Ranar rufe marina aka tara dagatai da jama'ar ɓangarorin biyu, don a ɗebi ruwan ƙarshe a gaban kowa. Ganin taro ya sa Alhaji ya ƙara kutsawa ciki fiye da yadda ya saba. Ruwa ya kai masa ƙugu. Ya juyo zai yi jawabi, sai santsi ya kwashe shi, ya nutse har hula.

Ruwan da ke kewaye da shi ya yi baƙi ƙirin. Mata suka ɗauki salati. Hambali ya dafe kai.

Alhaji ya taso yana tari, yana nuna ruwan cikin murna.

"Kun gani da idonku! Ga gubar nan! Yanzu wa zai yi mini musu?"

Ba wanda ya yi musu. Amma kuma ba wanda ya kalli ruwan. Kowa ya zuba wa gemun Alhaji ido, wanda ya fito fari fat kamar auduga, ragowar dayis ɗin rina gashi da yake shafa masa kowace safiya yana ɗiga cikin tafki.