Robar Gilashin Baya

Tsohuwar robar ta bushe kamar fatar da aka manta a rana, sai da Injiniya ta sa wuƙa ta yanko ta gutsure-gutsure. Motar ta girmi Injiniya nesa ba kusa ba. Mai ita ya ce duk damina ruwa ke kwana a kujerar baya, ya kuma ja mata kunne: gilashin nan ba shi da na biyu a kasuwa, in ya fashe to ya fashe ke nan.

Garejin na mahaifinta ne. A nan ta yi rarrafe, a nan ta koyi riƙe sifana kafin ta iya riƙe ludayi. Da tsohon ya rasu kowa ya ɗauka za ta saki wurin, ita kuwa ta ɗaura ɗankwali ta buɗe ƙofa washegarin sadakar bakwai.

Ta kankare tsatsar bakin ƙarfen, ta zagaye gilashin da sabuwar roba, ta cusa siririyar igiya cikin ramin robar, ta lafta ruwan sabulu har kumfa ta rufe gilashin. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya a waje yana danna gilashi da tafin hannu, ɗaya a cikin mota yana jan igiyar don leɓen robar ya hau kan ƙarfe. Tagogin gefe duk a liƙe suke da jarida saboda fenti.

"A ja a hankali," in ji ta, cikin ladabi. Igiya ta motsa, roba ta fara zama.

A daidai nan mijinta ya faɗo garejin ko sallama babu.

Ta san abin da ya kawo shi. Tun da abokansa na kasuwa suka laƙaba masa "mijin makanike" ya rasa sukuni. Shi da bakinsa bai taɓa ce mata ta bari ba, domin a kan haka ya gan ta ya aura. Sai dai kullum ya fake da mahaifiyarsa: Umma ce ta ce. Umma ta ce matar kirki ba ta kwanciya a ƙarƙashin mota. Umma ta ce tuwonta warin giris yake. Ita kuma Injiniya kunya ta hana ta tunkarar surukarta, ta yi ta haɗiyewa, har ta rage zuwa gaisuwa don kada ta ga ɓacin rai a fuskar da take girmamawa.

"Sauke hannunki, magana ce ta kawo ni."

"In na sauke, gilashin mutane zai bi ƙasa. Faɗi, da kunne ake ji."

Ya tsallake wasu silifa da ke ajiye a gindin ƙofar baya, ya buga jikin motar da bayan hannu. "Kai na ciki, toshe kunnenka, ba da kai nake ba."

Igiya ta ci gaba da tafiya, roba na hawa kaɗan-kaɗan, har aka iso kusurwar farko. Kusurwa ce ke fasa gilashi. Injiniya ta baje tafinta, ta danna da nauyin kafaɗa, gumi na bin haɓarta.

"Daga wurin Umma nake yanzun nan," ya ce. "Na baro ta tana kuka. Tsohuwa da hawan jini, kin sa ta kwana ba ta runtsa ba."

Igiya ta tsaya cak.

Injiniya ta san rabin roba a ciki rabi a waje shi ne mafi haɗari. Ta ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. "A yi haƙuri a ci gaba, saura ƙiris." Sai da aka ɗan jima kafin igiyar ta sake motsi, wannan karon da ƙarfi.

Mijin ya ɗora: "Umma ta rantse ba za ta sake taka gidana ba muddin kina wannan ƙazamin aiki. Ta ce in zaɓa, ko ita ko ke. Uwa kuwa ba a canza ta. Ki rufe wurin nan yau, ko ki kwana da sanin auren nan ya zo ƙarshe."

Injiniya ta ji maganar har cikin ƙashinta. Tana son mutumin nan, da rakinsa da komai. Amma ba ta ɗaga hannu daga gilashin ba.

"Ba zan rufe ba," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ko yau, ko gobe. In kai ne ba ka so, buɗe baki ka ce kai ne, mu zauna mu yi ta a matsayin miji da mata. Amma ka daina aron bakin tsohuwa kana cin albasa da shi."

"Ni kike ƙaryatawa? To zo mu je gabanta, ki ji da kunnenki!"

"Ba sai mun yi nisa ba."

Kusurwa ta ƙarshe ta shige, roba ta zauna ɗas, gilashi ya kama ko'ina. Injiniya ta sauke hannu, ta goge kumfa a jikin rigar aikinta, ta durƙusa ta gyara silifan nan suka fuskanci ƙofa, sannan ta buɗe.

Ƙafa ɗaya ta sauko, ta biyu ta bi ta a hankali saboda ciwon gwiwa. Umma ce, wadda ta zo tun da hantsi don jin dalilin da ya sa matar ɗanta ta ƙaurace mata, ta tarar mai taya aiki bai zo ba, ta ce a ba ta igiyar. Ta miƙe tsaye tana warware ta daga yatsunta. "Na toshe kunnen amma bai tosu ba," in ji Umma, tana duban ɗanta. "Maimaita mini, yaushe na yi kukan?"