Kiɗa Daga Shagon Ƙofar Gida

Suwaibatu tana tsince shinkafa sautin ya sake tsallako katanga. Goge ne da yawa suna tashi tare a hankali, sai wata busa mai sanyi ta ratsa tsakaninsu. Ta ajiye faifan shinkafar.

Ta san kiɗan. Duk Faskari mutum ɗaya ke sauraron irinsa, shi kuma an binne shi tun farkon damina, bayan 'yan bindiga sun tare motarsu a hanyar Sabuwa.

Salahuddeen, mijinta, malamin gona ne. Wani tsohon malaminsu na Ƙanƙara ya bar masa rikoda da kwalin kaset, duk na wani Baturen Ingila mai tsara kiɗa wanda ya daɗe da mutuwa. Ba waƙa a ciki, ba kirari. Akwai kiɗa ɗaya da yake da shi kashi biyu, sabon ɗauka mai tsabta da tsoho mai shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Tsohon ya fi so. Yakan ce mata, "Saurara, a wannan har numfashin makaɗan ake ji." Ita da farko numfashinsa kawai take saurare. Daga baya ta fara jin nasu.

Yanzu tana takaba a gidan iyayensa, iyakarta zaure. Kaset ɗin kuwa suna shagonsa, wanda ƙofarsa ke kallon titi.

Goggo, mahaifiyarsa, ba ta taɓa son su ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake, ko ranar rasuwar ba wanda ya ga hawayenta. Ranar sadakar bakwai ta faɗa gaban mata, da ƙarfi irin na mai nauyin kunne, "Tarkacen kukan kyanwar nan na yaron nan, wuta zan sa masu."

Shi ya sa duk lokacin da kiɗan ya tashi, Suwaibatu ke tsoron kada Goggo ta ji. Sauƙinta ɗaya, mai kunnawar yana da wayo: ba ya taɓawa sai bayan Azahar, in Goggo ta yafa mayafi ta tafi karatun manyan mata. Amma bai iya ba. Yakan fara daga tsakiya, ya tsayar, ya juya kaset, ya ƙure murya har kwanon shagon na rawa. In maƙwabta suka kai wa Goggo labari, shi ke nan.

Ta zargi Mas'ud, ƙanen mijinta. Da ya shigo cin tuwo ta yi masa magana ta bayan labule.

"Mas'ud, ka ji tsoron Allah ka rage murya. So kake a ƙone su?"

"Wace murya, matar Yaya? Ni da ke wuni a gona? Ko makullin ban taɓa gani ba."

"To aljanu ne."

"In aljanu ne ma ba su da zaɓi. Su sa mana na biki mana."

Ba ta yi dariya ba. Da yamma Goggo ta dawo idonta ja, tana faɗan ƙurar hanya, ta aika a sayo mata batir, wai tocilarta ta zama mayya. Suwaibatu ta kai mata ruwa, ta durƙusa, tana satar kallon fuskarta ko ta ji wani abu. Fuskar a rufe take kamar kullum.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Takan zauna jikin katangar, bayanta manne da ƙasa mai ɗumi, tana bin kiɗan da ba ta isa ta je gare shi ba. An kunna mai kakaki, an kunna mai goge ɗaya da ke hawa sama shi kaɗai. Kamar ana neman wani abu a cikin kwalin.

Ran Laraba aka kai ga tsohon kaset ɗin nan mai shuu. Shuu ɗin ya fara, gogen suka shigo. Suwaibatu ta rufe ido.

Sai sautin ya karkace. Ya ja, ya yi nishi, ya koma gurnani. Ta san wannan: rikodar ce ke cin zaren. In ba a cire yanzu an naɗe a hankali ba, zai tsinke, kuma babu wani irinsa.

Ta miƙe. A bakin zaure ta tsaya. Taku kaɗan ne, amma titi ne, kuma gari zai ce matar mamaci ta fita tana takaba saboda kiɗa. Gurnanin ya ƙaru. Ta ja hijabi ta fita.

Ƙofar shagon a saye take. Ta tura.

A kan tabarmarsa, rungume da rikodar, baƙin zare ya nannaɗe mata yatsu, Goggo ta ɗago jiƙaƙƙiyar fuska ta ce, "Suwaiba, ke kin san wanda Salahuddeen ya fi so. Ki ce mani ba shi na kashe ba."