Karen da Nono Bai Karɓe Shi Ba

Tunda ka zo da maganar 'ya'yanka biyu, cewa riƙo ɗaya ka yi musu amma ɗaya ya miƙe ɗaya ya kasa, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani manomi mai lambu a bakin fadama, inda birai ke saukowa daga kan dutse suna yi masa ɓarna a tumatir da gwanda. Sai ya samo 'yan kwikwiyo biyu, uwa ɗaya, ɗaya baƙi ɗaya ja, ya raine su don gadi. Akwai rugar Fulani kusa da lambun. Kullum da hantsi wata Bafulatana takan bar masa ragowar nono, shi kuma ya tsinko mata kayan miya. Da wannan nono yake dama wa karnukan sauran tuwo, a kasko ɗaya. Baƙin ya yi ɓulɓul, gashinsa har sheƙi yake. Jan kuwa tun bai shekara ba ya fara susa. Ya sosa kunne har ya fitar da jini, ya kwanta yana ta lasar tafin ƙafa, gashin wuyansa da na kwiɓi ya zube, ga zawo da ba ya ɗaukewa. In birai suka sauko, ɗan'uwansa ya bi su da haushi har gindin dutse, shi kuwa yana ƙarƙashin mangwaro yana gurza bayansa a ƙasa.

Manomin bai zauna ba. Ya bincika gashin karen ko zai ga ƙuma ko kaska, bai ga ko ɗaya ba. Ya dafa ganyen darbejiya ya yi masa wanka, ya shafa masa man kaɗanya, ya ƙone tsummokaran da yake kwanciya a kai. Abin ya lafa kwana biyu ya dawo. Don tausayi sai ya riƙa ƙara masa nono, a ganinsa marar lafiya ya fi bukatar abin kirki. Maƙwabcinsa na lambu ya ce masa, "Malam, wannan ƙazuwa ce. Kai shi daji ka baro shi kafin ya shafa wa mai lafiyar." Manomin ya ce, "Kasko ɗaya suke ci, wuri ɗaya suke kwanciya. In mai yaɗuwa ce, me ya hana ta kama ɗayan tuntuni?" Duk da haka maganar ta tsaya masa a rai. Wata rana har ya ɗaura wa karen igiya ya kama hanyar daji da shi. Da suka kai rafi karen ya tsaya ya sha ruwa, ya ɗago kai ya kaɗa masa wutsiya. Manomin ya daɗe a tsaye, sannan ya juya da shi gida.

Da rani ya tsananta ciyawa ta ƙare, Fulani suka tashi suka yi kudu da shanunsu. Nono ya yanke. Ba abin da karnukan ke samu sai tuwo da ruwan zafi, da ɗan abin da mahauta suka rage ranar kasuwa. Manomin yana zuba musu yana jin nauyin abin, gani yake ya gaza. Amma kafin wata ya cika zawon jan kare ya tsaya. Aka ƙara 'yan makonni, gyambon kunnensa ya bushe, sabon gashi mai laushi ya fara tsirowa a wuyansa. Ranar da ya riga ɗan'uwansa tashi ya kori birai, manomin ya yi hamdala, ya ce ashe darbejiya ta yi aiki.

Ruwa ya sauka, Fulani suka dawo. Bafulatanar ta kawo ƙwarya cike da nono, manomin ya dama wa karnukansa da murna. Kwana uku, jan ya koma gindin mangwaro yana susa. A nan manomin ya ajiye fartanya ya zauna a kan kunya, ya bi abin daki-daki: yaushe cutar ta tafi, yaushe ta dawo, me ya tafi tare da ita, me ya dawo tare da ita. Ranar kasuwa ya kai maganar gun malamin dabbobi. Malamin ya duba karen ya ce, "Ba mai yaɗuwa ba ce. Akwai karen da jikinsa ba ya karɓar nono, wani kifi ne, wani ƙwai. Hana shi nonon wata biyu cur, ko lasa kada ya yi, ka gani."

Manomin ya sayo kasko na biyu. Da farko abin ya yi masa wuya, don jan yakan bar nasa tuwon ya tsaya yana kallon ɗan'uwansa na lasar nono, ya dubi ubangidansa yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Manomin yakan kau da kai, ya tura masa kaskonsa. Wata biyu ba su cika ba fatar ta warke sarai, kuma susar ba ta sake dawowa ba. Karen ya rayu shekaru masu yawa a lambun, kuma shi ya fi jin motsi: tun birai na kan dutse yake miƙe kunne.

Manomin nan bai taɓa nufin karensa da sharri ba. Abin da ya fi daɗi a hannunsa shi yake ba shi, kuma abin ya gina ɗan'uwansa a gaban idonsa. Sai da ya daina kallon kaskon ya kalli karen sannan ya gane. Shi ya sa Hausawa suka ce, abincin wani gubar wani.